Barka da Sallah daga Delhi

Assalamu alaikum Umma, Abba da kowa na gida.

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Nan ma an sauko idi, amma ni ta taga na yi kallo. Likita ya ce ko da na wuce kwana 100 da dashen ɓargon da aka yi mini saboda ciwon sikila, garkuwar jikina ba ta yi ƙwarin shiga cunkoso ba, balle na babban masallacin nan, Jama Masjid, da ba masaka tsinke. Azumi ma sai ramuwa, magungunan ba a saɓa musu lokaci.

Umma, fura nake so. An hana ni nonon da ba a dafa ba, da ɗanyen ganye, da abincin bakin titi. Maƙwabciyarmu ta aiko da abin da suke kira sewai, taliya ce siririya cikin madara da sukari, wai ita ce abincin Sallarsu. Na ci don kara, Yaya kuwa ya share kwano biyu. Ni dai furarki mai citta da kanumfari nake tunawa, wadda kike damawa a ƙwarya muna rigimar ludayi. Jiya har mafarkinta na yi.

Jiki alhamdulillahi. Tun da aka yi dashen ciwon ƙashi bai tashi ba, gwaji kuma ya nuna jinina ya koma AS irin na Auta da ta ba ni ɓargon. Gashi ya fara tsirowa. Akwai gajiya da ƙaiƙayi da bushewar ido, wai sabon ɓargon ne ke yi wa jikin kallon baƙo, kuma za a sake mini allurar rigakafi kamar jariri. Abin mamaki, har yanzu nakan farka cikin dare ina jiran ciwon, sai in ji shiru. Ban saba ba tukuna.

A gaida Kawu da su Baffa da maƙwabta. A ce wa Goggo ta ɗan jinkirta maganar aure, in fara samun suma. Auta kuwa, wadda ta kwanta aka ɗebi ɓargonta ko ƙorafi ba ta yi ba, ban san irin gaisuwar da zan yi mata ba. Abba, a ninka mata goron Sallah, bashi ne a kaina. Ta aiko mini hoton lallenta, da na hawan Sallah in sun je kallo.

Umma, a ajiye mini ƙwaryata.

Ɗanku.