Kuɗin liƙi ba shi da rasit

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah a ɗan sam min fili in kai kukanmu mu mawaƙan zango.

Ni ɗan Aboabo ne nan Kumasi, shekara 14 ina waƙar biki da suna, da ita nake ci da iyali, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Watan jiya na je wani banki neman rance in sayi sifika da janareto tunda hayarsu ta ishe ni, yarinyar da ke kan tebur ta ce baba ina takardar albashinka ta wata 3. Na ce 'yata albashi kuma? Ai ni a goshi ake manna min nawa. Ta yi dariya ta ce to a bugo sitatimen na wata 6, aka bugo wallahi ko rabin shafi bai cika ba, kunya ta kama ni kamar wanda ya zo yin ƙarya alhali Allah ya sani ina samu.

Ga yadda abin yake. Ranar Lahadi an kafa rumfa an tare layi, mata sun sha anko ana liƙi, sidi 5, sidi 10, wata hajiya in ka kira sunan kakanta daidai ta sako maka 100, yarona na bi yana tsincewa a leda. Kafin isha'i an raba, mai kalangu ya ɗauki nasa, 'yan amshi, mai sifika, mai motar kaya, abin da ya rage rabi cefane rabi mai susu, wato mai bi yana karɓar kuɗin ajiya, ya wuce da shi Litinin da safe. To ina takardar za ta fito? Kuma sana'ar tana da lokaci, azumi gaba ɗaya ba biki sai zaman gida, bayan sallah kuma har sai ka ƙi wani aikin. Shi banki so yake ya ga abu ɗaya na shigowa duk ƙarshen wata kamar na ma'aikacin gwamnati.

Hayar gida ma haka, dokar haya ta 1963 ta ce kar a karɓi fiye da kuɗin wata 6 a gaba amma masu gida shekara 2 suke nema, shirin tallafin haya da gwamnati ta buɗe a 2023 kuwa shi ma sai ka nuna shaidar abin da kake samu.

Gaskiya mu ma da laifinmu, tsoron haraji ya sa ba ma son rubuta komai. Tun Afrilun 2021 lambar Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, ita ce lambar harajin mutum a hukumar haraji ta GRA, ke nan ɓuyan ma na me. Ni dai yanzu na sayi littafin rasit, duk wanda ya kira ni biki sai ya turo kafin alƙalami ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, tunda an cire harajin tura kuɗin nan na E-levy a 2025 ba wanda zai ce min za a yanke masa harajin. Liƙi kuma nakan ƙirga a gaban yarana in rubuta rana da unguwa, Litinin in kai banki kafin in taɓa ko sisi, wannan ɗin ne fa mai wuya don uwargida na jiran cefane.

Roƙona ga shugabannin MUSIGA, ƙungiyar mawaƙan Ghana, katin ƙungiya yana nuna kai mawaƙi ne amma ba ya faɗin nawa kake samu, a zauna da bankuna su yarda da sitatimen na MoMo da littafin rasit, kuma su duba shekara guda cur maimakon wata 6, don in watannin suka faɗo kan azumi an cuce mu. Ni bayan babbar sallah zan koma wajen yarinyar nan da littafina, ta ce in zo da mutum 2 da za su tsaya min.

Naka,
wani mawaƙin biki, Aboabo, Kumasi