A nuna mana mudun da ake auna mana data

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ciniki da kusan kowane gida a Jos yake yi duk wata, amma ba wanda ya taɓa ganin mudun da ake auna masa da shi. Ina nufin data da intanet na gida.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, kuma ina da ɗan shago kusa da Titin Bauchi inda muke buga takardu, mu cike wa ɗalibai fom, mu duba musu sakamakon jarrabawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, hatsi ya sayar a kasuwar Katako har ƙarfinsa ya ƙare, kuma a rumfarsa na tashi. Kullum mudunsa a fili yake, a kan buhu, inda mai saye zai ɗauka ya juya ya duba gindinsa. In zai auna, a gaban idonka zai auna, ya cika har yana zuba. In ka kai gida kuka ci rabi, sauran rabin naka ne ko da bayan wata shida ne. Ban taɓa ganin ya bi wani gida ya ce kwana talatin sun cika, a dawo masa da ragowar gero ba.

Bara, da aiki ya yi yawa a shago, na sayi rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ko shago, daga ɗaya daga cikin kamfanonin sadarwar nan. Ba zan kama suna ba, domin maƙwabcina da ke kan wani layin daban kukanmu ɗaya da shi. Yarinyar da ta sayar mini ta ce, "Baba, wannan tsarin ba shi da iyaka, ka yi ta amfani har wata ya ƙare." Haka ma aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin takardar talla. Mako biyu na farko abin ya yi kyau ƙwarai. A cikin mako na uku sai gudun ya faɗi warwas, shafi ɗaya sai ya yi ta juyi kamar ba zai buɗe ba. Na kira layin kula da abokan hulɗa, wani saurayi mai ladabi ya ɗauka, ya duba ya ce na kai adadin gigar da aka ware, daga nan kuma ƙa'ida ce a rage gudu har ƙarshen wata. Na ce, "Ɗana, to ina rashin iyakar?" Ya ce, "Yallaɓai, ai ba a yanke maka ba, rage maka aka yi." Daga baya na nemo ƙa'idar. Tana nan kuwa, can ƙasan shafinsu na intanet, da ƙananan rubutu, cikin Turancin lauyoyi.

A cikin wannan makon ne wata baiwar Allah ta zo daga Rikkos da 'yarta, a ranar ƙarshe ta tura takardun neman gurbin karatu. Hoto ɗaya da takardu uku ne kawai. Muka fara bayan La'asar, har aka kira Magariba hoton bai tafi ba. Na cire rauta na jona wayata, na jona ta yaron shago, duk a banza, domin lokacin ne kowa ya dawo gida ya hau layi. Uwar tana zaune a kan benci tana jan carbi, yarinyar kuma ta kafa wa allon kwamfuta ido ta ƙi ko shan ruwa. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare takardun suka shige, saura awa guda a rufe, kuma sai da na nemo musu mai Keke da na sani ya mayar da su gida. Ban yi barci da wuri ba a daren nan. Da karatun yarinyar ya salwanta, wa za a tambaya?

Daga ranar na sayi ɗan littafi na fara rubuta gudun intanet ɗina sau biyu a rana, bayan sallar Asuba da bayan Isha'i. Da asuba nakan samu abin da ya kusa da wanda aka yi mini alkawari. Da dare kuwa sau da yawa ko kashi ɗaya cikin goma ba ya kaiwa. Da na koma kan takardar talla sai na lura da wasu kalmomi biyu ƙanana a gaban lambar: "har zuwa". Wato gudun zai iya kaiwa har zuwa kaza. Ba su faɗi inda zai iya faɗuwa ya tsaya ba. Malam Edita, da mai hatsi zai ce zai ba ka har zuwa mudu goma a kan kuɗin mudu goma, sannan ka kwance buhu a gida ka tarar da mudu ɗaya, ai sunan abin a wurinmu sananne ne, kuma malamai sun sha yi mana wa'azi a kan tauye mudu.

Akwai wani lissafi da nake koya wa ɗalibaina wanda ya kamata kowane mai saye ya sani. Gudu da megabit ake tallarsa, amma data da megabait da giga ake sayar da ita, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Saboda haka in an ce maka megabit 20 a daƙiƙa, megabait biyu da rabi ke nan. Da wannan gudun, giga ɗaya za ta sauka cikin minti bakwai ko ƙasa da haka kaɗan. In gudun ya faɗo zuwa megabit 2, giga ɗayar nan sai ta haura awa guda. Duk mai waya zai iya gwada wannan da agogo a hannu.

Dalilin faɗuwar gudu da dare ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake: ruwan da ke zuwa ɗaya ne, masu bokiti ne ke ƙaruwa. Ƙarfe ɗaya a Unguwar Rogo ko Gangare ko Nasarawa Gwom, inda gidaje ke manne da juna, yana ɗauke da jama'ar da ta ninka ta Rayfield nesa ba kusa ba. Ga duwatsun Jos da ke tare sigina, ga ruwan sama da tsawa irin namu na damina. Duk na yarda. Amma kamfani ya san yawan layukan da ke ƙarƙashin kowane ƙarfe fiye da yadda mai unguwa ya san yawan gidajensa. In ya san famfon ya cika, bai kamata ya ci gaba da sayar da sababbin rauta a wannan layin da alkawarin da ya san ba zai cika ba.

Ba na cikin masu cewa kamfanonin ba su da uzuri ko kaɗan. Ƙarafan nan galibinsu da dizal suke aiki dare da rana saboda halin da wutar lantarki take ciki, kayan aikinsu da dala ake sayowa, ɓarayi na kwashe musu batura, masu gyaran titi kuma na tsinke igiyoyin fiba da katafila. Manyan igiyoyin da ke kawo mana intanet ta ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano na Google da ya iso a 2022, a Legas suka sauka, kuma kafin abin ya hauro tudun Filato sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu. Mun ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da huɗu daga cikin igiyoyin suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, bankuna suka tsaya, masu POS a Taminus suka zauna suna kallon juna. Shi ya sa da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, alhali kamfanonin ninki suka nema, ban fita ina zagi ba, ko da yake aljihuna ya ji a jikinsa. An ce mana za a ƙara kuɗi don a gyara aiki. Mun biya namu. Abin da nake tambaya shi ne nasu.

Mu ma masu saye muna da namu sakacin. Waya na shan data ko tana aljihu: manhajoji na sabunta kansu, hotuna na hawa ma'ajiya, bidiyon Facebook da TikTok na kunna kansu, kuma a kan 4G bidiyon kan zo da hoto mai kauri wanda ya fi ci. Duk wannan ana iya kashe shi a saitin waya, a kuma riƙa duba ragowar data ta *323#. Wannan gyaran namu ne.

Wanda ba namu ba shi ne mutuwar data. Mutum ya sayi ta wata guda, sabis ya ɗauke kwana huɗu, ko ya kwanta rashin lafiya, ko ya tafi ƙauye biki, ya dawo a ce wa'adi ya cika. In yana son ragowarsa sai ya sake zuba wani kuɗin kafin lokaci ya ƙure, in ba shi da shi a ranar, shi ke nan. Talaka ne wannan ya fi cuta, domin shi ne mai sayen ta kwana ɗaya ko ta mako, wadda in ka lissafa kowace giga ta fi tsada, kuma ta fi saurin mutuwa. Sai kuma datar dare mai araha, wadda ba ta aiki sai tsakar dare zuwa asuba. Ni da nake tsayawa gaban aji na san illarta. Ina ganin yara masu ƙoƙari suna gyangyaɗi a darasin farko, in na tambaya su ce sun kwana suna sauke bidiyon darasi ko tambayoyin JAMB na baya, don ita ce kaɗai datar da kuɗinsu ya kai. Tun 2015 jarrabawar nan gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, don haka ba zan ce musu su bari ba.

Za a ce mana data mara mutuwa ba za ta yiwu ba. Mu da muka ga zuwan wayar salula a 2001 mun taɓa jin irin wannan. A lokacin in ka yi magana ta daƙiƙa biyar, kuɗin minti guda cur za a cire, kuma aka ce lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sai nan da shekaru. Da Glo ya shigo a 2003 da shi, ba a daɗe ba sauran suka bi.

Gwamnati ma ta yi alkawari da bakinta. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ce za a kai gudun aƙalla megabit 25 a birane da 10 a karkara, ga kashi 90 cikin ɗari na jama'a, giga ɗaya kuma kada ta wuce naira 390. A tambayi manomin dankali a Bokkos ko Mangu da ke hawa tudu kafin ya tura wa dillalinsa hoton kaya, ko mai tumatir a Farin Gada da ke jiran alat ɗin banki ga direba na matsa masa, su faɗi abin da suka gani. An fara 5G a ƙasar nan tun 2022, Starlink mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam ya shigo a Janairun 2023, amma kuɗin kwanonsa da na wata ba na malamin makaranta ba ne. Ƙanena da ke Gwarinpa a Abuja fiba aka ja masa har cikin falo, gudunsa da safe da dare kusan ɗaya. Mu a layinmu ko ramin igiyar ban ga an haƙa ba. Tunda an amince da shimfiɗa sabuwar fiba mai tsawon kilomita 90,000 a 2024, ina kira ga 'yan majalisarmu na Filato su nemi taswirar aikin su gaya mana ta waɗanne garuruwa da unguwanni za ta bi, tun kafin a gama rabo.

Roƙona ga NCC ba mai wahala ba ne. A tilasta wa kowane kamfani ya rubuta adadin gigar da in ka kai za a rage maka gudu, da girman rubutu ɗaya da na farashi, a daina kiran abu mara iyaka alhali yana da ita. A rubuta mafi ƙarancin gudun da mai saye zai samu da dare a unguwarsa, in aka kasa cikawa a ƙara masa kwanaki ba sai ya roƙa ba. Hukumar ta riga ta umarci kamfanoni a 2025 su riƙa sanar da jama'a in an samu babbar katsewa, su kuma rama wa masu layi in ta wuce awa 24. Mutane nawa ne a Dilimi suka san da wannan haƙƙin nasu? A faɗe shi da Hausa da sauran harsunanmu, a rediyo da saƙon waya, kamar yadda ake turo mana tallar sababbin tsare-tsare ba dare ba rana. Masu karatu kuma su sani, in kamfani ya ƙi sauraron kukansu, akwai layin hukumar na kyauta, 622.

Kai kuma Malam Edita, kamar yadda kuke buga farashin masara da shinkafa na kasuwanni, ku tura wakilanku da wayoyi sau ɗaya a wata su tsaya a Taminus da Bukuru da Farin Gada da bakin Jami'ar Jos, su gwada gudun kowane layi da ƙarfe takwas na dare, ku buga sakamakon yadda ya fito. In wakilinku na Jos yana son wurin farawa, littafin nan nawa yana shago, da kwanan wata da lokaci da lambar kowace rana, kuma har yanzu ina ci gaba da rubutawa.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin lissafi,
Unguwar Rogo, Jos.