Baba, a buɗe mana akwatin Kaka Soja

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ku da Inna da Gwaggo da yara baki ɗaya. Ya gajiyar kaka? Yaya ya ce mini geron bana ya yi dama-dama, waken ne ƙwari suka taɓa. Allah ya sa wa abin da aka samu albarka. Ni ina nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa da ƙarfinsa, ƙarfe 5 na yamma gari ya yi duhu. Na tura saƙon wata ta hannun Yaya, na ce a fara da maganin Inna.

Yau takarda na zauna na rubuta maimakon wayar da muka saba, don maganar ta fi ƙarfin minti biyar. Ina so Yaya ya karanta muku ita bayan isha'i, Gwaggo tana kusa.

Ranar 11 ga Nuwamba ba a aiki a duk faɗin Faransa. Ita ce ranar da aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na farko, a 1918, da ƙarfe 11 na safe. Shekaruna uku a ƙauyen nan na arewacin Liyon, ranar hutu kawai na ɗauke ta. Bana mai gonar da nake wa aiki ya ce in raka shi dandalin gari. Na bi shi saboda kunya.

A tsakiyar dandalin akwai wani dogon dutse da nake wucewa ta gabansa kullum in zan sayi burodi, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ashe sunayen 'yan garin ne da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Kusan kowane ƙauye a ƙasar nan yana da irinsa, domin wancan yaƙin kaɗai ya ci musu sojoji wajen miliyan 1 da dubu 400. Taron bai fi na sunan jariri a unguwarmu ba. Magajin gari ya rataya ɗamara mai launin tutarsu, 'yan kwana-kwana sun yi sahu, wata mata tana zagayawa da gwangwani tana sayar da ɗan shuɗin fure na maƙalawa a ƙirji, kuɗin kuwa na tsofaffin sojoji ne da marayu. Sai aka fito da 'yan makarantar firamare, kowanne riƙe da takarda. Yaro ya kira suna ɗaya, jama'a su amsa da harshensu cewa "ya mutu saboda Faransa", na gaba ya kira wani. A jere na ji sunan gida ɗaya sau uku. Mai gonar ya ɗan taɓa ni da gwiwar hannu lokacin da aka kira wani, ya ce ƙanen kakansa ne, yana da shekara 20. Bai taɓa ganinsa ba, Baba, amma ya san shekarunsa da wurin da ya faɗi.

Wanda ya riƙe tuta wani tsoho ne da ya haura 80, da farar safar hannu da lambobi a ƙirji. Waɗanda suka yi yaƙin 1914 duk sun ƙare, na ƙarshensu ya rasu a 2008, yanzu masu riƙe tuta yawanci 'yan yaƙin Aljeriya ne. Ban manta abin da aka yi wa mutanen Aljeriya a wannan yaƙi ba, kuma ina tsaye a wurin abin yana raina. Duk da haka, da aka busa ƙaho aka yi shiru na minti ɗaya, tutar ta fara rawa a hannun tsohon, wata yarinya ta matso ta tallafi gindin sandar da hannu biyu ba tare da ta kalle shi ba, sai da idona ya cika. Kaka Soja na tuna, yadda yake zama a ƙofar gida da tsohuwar rigar sanyinsa, mu yara muna sara masa muna gudu.

Da rana na ba wani abokina ɗan Mali labari, ya ce ai ban ga komai ba, in tashi mu je Shasele. Ana rubuta shi Chasselay, ƙaramin gari ne da bai kai mutum 3,000 ba, tafiyar 'yan mintoci daga inda nake. Muna cikin gonaki sai ga jar katanga, da ƙofa mai tsini-tsini an soka mata sanduna, kai ka ce hasumiyar masallacin Agadas ce aka rage wa tsawo aka kawo ƙasar Turawa. Suna kiran wurin Tata, kamar dai mu ce ganuwa. Maƙabarta ce ta sojojin Afirka ta Yamma 188, tare da wasu kaɗan daga wasu ƙasashe.

Ga yadda aka yi. A watan Yunin 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, Faransa ta riga ta karye, shugabanta Fetan ya yi magana a rediyo ranar 17 cewa a daina faɗa. Amma aka umarci runduna ta 25 ta sojojin da ake kira 'yan Senegal su tare wa Jamusawa hanyar Liyon. Sunan ne kawai na Senegal, irin waɗannan sojoji daga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka aka kwaso su, har da namu na Nijar. Suka yi faɗa ranar 19 da 20 ga wata har harsashi ya ƙare, suka miƙa wuya. Jamusawa suka ware farare gefe, suka kora baƙaƙe wajen 50 cikin wani fili, suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki, sannan suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Kyaftin ɗinsu Bature, Guzi, da ya yi magana, harbinsa aka yi a ƙafa. Kwana biyu bayan haka aka sa hannu a takardar tsagaita wuta. A daidai filin nan maƙabartar take.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da mutanen garin suka yi. Su ne suka fito suka binne gawarwakin, alhali ba danginsu ba ne, ba addininsu ɗaya ba, kuma Jamusawa ba su so a yi ba. Daga baya wani jami'in kula da tsofaffin sojoji na yankin, Jean Marchiani, ya sayi filin, ya tara gudummawa, aka tono waɗanda aka binne a ƙauyukan kewaye aka haɗa su wuri ɗaya. Aka buɗe wurin ranar 8 ga Nuwamba 1942, yaƙi bai ma ƙare ba, har da ƙasa aka kawo daga Dakar aka zuba. Sai a 1966 gwamnati ta mayar da shi maƙabartar ƙasa. Har yau duk watan Yuni ana taruwa a can, kuma ranar da muka je mun tarar da 'yan Afirka mazauna Liyon, wasu da 'ya'yansu.

Na bi kaburburan layi-layi ina karantawa. Sunaye ne irin waɗanda za ku ji a kasuwar Bamako ko ta Konakiri, wasu an rubuta su a karkace yadda kunnen Bature ya ji. Wasu duwatsun kuwa babu suna, an rubuta "ba a san shi ba". A gaban ɗaya daga cikinsu na tsaya na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, abokina ya shafa tare da ni. Na yi ta tunanin uwar wannan bawan Allah, wadda ta yi ta kallon hanya har ta koma ga Mahaliccinta.

Kada ku ce na ruɗu da Turawa, Baba. Na san a 1944 an harbe irin waɗannan sojoji a sansanin Caroye kusa da Dakar don sun nemi haƙƙinsu. Na san a 1959 aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, ba a gama daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, lokacin Kaka ya daɗe a ƙasa. A farkon 2025 ma wasu marasa mutunci sun shiga Tatan da dare sun ɓata kaburbura da fenti. Kuma ba cewa nake mu gina kabari ko mu kafa dutse ba, mu addu'a da sadaka muka sani, su ne kuma suke isa ga mamaci. Amma na dawo ɗaki da kunyar kaina. Mai gonar nan ya san shekarun wanda ya mutu kafin a haifi ubansa. Ni da na ci tuwo kwano ɗaya da Kaka, abin da na riƙe daga bakinsa kalma biyu ne: Tulon, da sanyi. A nan na koyi cewa sojojin Afirka suna cikin waɗanda suka sauka a gaɓar kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944 suka ƙwato biranen Tulon da Marsai. Daga nan zuwa Tulon jirgin ƙasa ne na 'yan sa'o'i, kuma ina so in je da takardunsa a hannuna.

Don haka ga roƙona. Akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadon Gwaggo, ku ba da izini a buɗe. Na tuna akwai ɗan littafin soja mai bangon toka a ciki, da lamba guda biyu a ƙulle cikin ƙyalle. Yaya ya ɗauki hoton kowane shafi da rana a tsakar gida, musamman inda aka rubuta lambarsa ta soja da shekarar da aka ɗauke shi, da su ake neman mutum a ma'ajiyar takardunsu. A bi a hankali, takardar ta tsufa. Sannan Gwaggo, tunda ita ce babba kuma ita ta fi zama da shi, a kunna waya ta faɗi duk abin da ta ji daga bakinsa: yadda aka ɗauke shi daga Damagaram, su wa suka tafi tare, su wa suka dawo. Ko waƙar da yake yi in yana gyaran takalmi, in ta tuna, ta rera. Ku ma Baba, ku faɗi naku.

Na ƙara jaka goma a kan saƙon, a yi masa sadakar waina ranar Juma'a, a sa da waɗancan na Shasele a cikin addu'ar.

A gaishe da Inna da kyau, a ce mata ina sa rigar sanyin. A gaida Liman da mutanen zaure.

Ɗanku mai neman albarkarku.