Karen marigayi mijina ya ciji ɗan maƙwabci, na rasa yadda zan yi da shi

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kin tashi lafiya. Ya iyali, ya ƙoƙari da mu? Allah ya saka miki da alheri kan wannan fili. Na san abin da aka saba kawo miki shi ne rikicin aure da zaman kishi da tarbiyyar yara, to ni tawa damuwar a kan kare ce. Don Allah kar ki ajiye takardar nan gefe saboda haka, domin akwai amanar mamaci a ciki, akwai haƙƙin maƙwabtaka, ga kuma ɗana a tsakiya.

Muna zaune ne a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kaduna, irin wadda kangwaye suka fi gidajen da mutane ke ciki yawa. Farkon tarewarmu ɓarayi suka hauro da dare suka kwashe mana batiran sola da injin jan ruwa. Shi ya sa maigidana, Allah ya jiƙansa, ya samo ɗan kwikwiyo, ruwa biyu ne tsakanin Alseshiyan da karen gida, ya sa masa suna Jak. Shi ya rene shi da hannunsa. Shi ke ba shi abinci, shi ke cire masa kaska, shi ke kai shi asibitin dabbobi duk shekara a yi masa rigakafin haukan kare, katin ma yana nan cikin takardunsa. In ya dawo daga sallar asuba sai ya sa masa igiya su zaga bayan unguwa kafin mutane su fito. Tun da karen ya girma ba a sake hauro mana ba. Ni kuwa tsakanina da shi sai daga nesa, don ban taso a gidan da ake ajiye kare ba. Kejinsa na can bayan gida, ba ya kusantar ɗakunanmu balle inda muke salla.

Bara Allah ya yi wa maigidan rasuwa. Ina cikin takaba karen ya soma canzawa. Da farko abinci ya ƙi ci, in dare ya yi ya riƙa wani irin kuka mai tsawo har maƙwabta suka fara magana. Da ya dawo cin abinci kuma sai faɗa. Ba wanda zai iya fita da shi kamar da: ni ba na fita a lokacin, ɗana shekararsa goma sha uku, karen ya fi ƙarfinsa. Sai ya zama yini yake a ɗaure da sarƙa, da dare a sake shi a tsakar gida. Yaron da ke mana aike ya daina zuwa tun ranar da ya yaga masa riga. Mai kawo mana gawayi a ƙofa yake ajiyewa ya tafi. 'Yan'uwana ma sai sun bugo waya daga waje, "An ɗaure karen nan?" kafin su shigo.

Abin da nake gudu ya faru a watan jiya. Muna da famfon burtsatse kusa da ƙofa, yaran maƙwabta kan shigo ɗiban ruwa da safe, tun maigidan na da rai haka ake yi. Ranar nan ƙugiyar sarƙar ta ɓalle. Ina kicin na ji ihu, na fito na tarar da ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara bakwai, a ƙasa, jarkarsa ta kife ruwa na malala, karen ya kafa masa haƙora a ƙwauri. Ɗana ne ya daka masa tsawa da sunansa, ya saki, ya koma bakin keji yana haki. Huda huɗu na gani a ƙafar yaron, biyu masu zurfi. Mata suka cika gidan, wata na cewa a tsigo gashin karen a ƙona a sa a ciwon, wata na cewa a ɗaure da tsumma. Sai na tuna abin da marigayi ya sha faɗa mana: a wanke da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu har minti 15, sannan a nufi asibiti. Haka na yi, yaron na kuka ina kuka. A asibiti aka wanke ciwon, aka yi masa allurar sarƙe-haƙora, aka fara masa ta haukan kare, wadda ba sau ɗaya ake yi ba, ranaku ake sa wa mutum yana komawa. Ni na biya komai, kuma ban ga na yi wa kowa alfarma ba.

Likitan dabbobi ya zo ya duba katin, ya ce a kulle karen kwana 10 a sa masa ido. In ya wuce kwanakin garau, to ba ya ɗauke da cutar a lokacin da ya yi cizon. Alhamdulillahi ya wuce lafiya, yaron ma ya warke, sai tabo. Amma likitan ya faɗa mini abin da ya sa ba na ganin laifin uban yaron da ya tayar da jijiyar wuya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma in alamunta suka riga suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Da ɗana aka ciza, ban san irin abin da zan faɗa ba ni ma.

Mai unguwa ya kira mu. Bai ci mini mutunci ba, har gaisuwar rasuwa ya sake yi mini, amma ya ce, "Hajiya, mutane sun ce ko dai karen ya bar unguwar nan, ko su san yadda za su yi da shi." Na fahimci abin da ake nufi. Wani ma ya riga ya aiko mini cewa in zuba fiya-fiya a nama in miƙa masa, kowa ya huta. Wallahi ba zan iya ba. Dabbar da ta yi shekaru tana kwana a farke don mu yi barci, in saka mata da guba tana birgima tana kumfa? Wani kuma ya ce a sa shi a mota a kai shi can hanyar Abuja a sake shi. Wannan ai kai wa 'ya'yan wasu bala'in ne, ga yunwa, ga rigakafin da zai daina samu.

Da labari ya bazu, wani saurayi ya zo da babur da keji a baya, ya ce zai saya, har ya yi tayi mai tsoka. Na tambaye shi ina zai kai shi, ya ce "gadi", yana kallon gefe. Daga baya aka ce mini irinsu tara karnuka suke yi a loda a mota zuwa kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, daga can a wuce da su inda ake cin namansu. Na ce masa ba na sayarwa ba ne.

Hanyar da ta fi kwanta mini ita ce ta ƙanin mijina. Yana da gonar kaji a hanyar Zariya, da katanga da masu gadi, ya ce a kawo masa. Wuri ne mai faɗi, karen zai samu inda zai yi gudu. Amma shi ƙanin mijin nawa ba a can yake kwana ba, masu gadin kuma yau wannan gobe wancan, ba wanda karen zai saba da shi. Ga yaran Fulani da ke wucewa da shanu ta gefen gonar, ga mata masu zuwa sarin ƙwai. In ya ciji wani a can, tsugune ba ta ƙare ba ke nan, kuma ina ji a raina alhakin a wuyana zai dawo tunda na san halinsa.

Likitan dabbobin kuwa bai ce lallai in rabu da shi ba. Ya ce ɗaurin yini guda cikin zafi da rashin motsa jiki na ƙara wa kare faɗa. Ya nuna mini bakin kunnuwansa da ƙudaje suka cinye har suna jini, ya ce ciwo kaɗai kan sa dabba ta ciji wanda ya matso. Ya ba da magani, ya ce a yi masa shinge mai faɗi da inuwa maimakon sarƙa, a saba masa da takunkumi, a samo mai horar da karnuka, a fitar da famfon waje don yara su daina shigowa. Na tambaye shi dandaƙa fa, ya ce tana rage yawo da rigima da wasu karnukan, amma ba zai yi mini alkawarin za ta hana cizo ba. A ƙarshe ya ce in duk an gwada abin ya ci tura, akwai allurar da ake yi wa dabba ta mutu ba tare da wahala ba, kuma ta fi guba nesa ba kusa ba. Duk wannan kuɗi ne, Hajiya. Ni malamar firamare ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kin san yadda kasuwa take. Kawunan kaji da ƙafafuwa da muke saya masa wajen masu fige kaji, yanzu mutane ma rububinsu suke yi.

Ta fuskar addini ma raina bai kwanta ba. Na san hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Na kai maganar wajen malaminmu na Islamiyya, ya ce haka ya zo a Risala, amma masu sharhi sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, mai littafin, da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron a cutar da shi, kare ya ajiye. Da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ya ce sayar da kare an yi hani a kai, an kuma yi saɓani kan wanda aka halatta ajiyewa, saboda haka kyauta ta fi zama lafiya. Sannan ya tuna mini matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. Tun daga ranar, in na ga Jak kwance a ɗaure yana lallage harshe, gabana faɗuwa yake.

Sai ɗana. Shi kaɗai karen ke saurara wa yanzu. In ya dawo makaranta ko kayan makaranta bai cire ba sai ya je ya canza masa ruwa. Da ya ji ana maganar gona, bai yi mini musu ba, sai cewa ya yi, "Umma, Abba fa ya ce in riƙa kula masa da shi." Ban iya ba shi amsa ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma tsoro nake ji: mace ce ni da yara uku, ba namiji babba a gidan, kuma kowa a unguwar zai san ranar da karen ya tafi. Amma ƙanwarsa shekararta huɗu, ta fara leƙa bayan gida, karen kuma ba ya ragar mata kamar yadda yake raga wa yayanta.

Hajiya, ki taimake ni da shawara, in da hali ki haɗa da malami da likitan dabbobi a filin. Karen da ya taɓa cizon yaro ana iya gyara shi har a amince masa, ko kuwa rai kawai nake ja wa kaina? In na kai shi gonar bayan na faɗa musu gaskiyar halinsa, na fita haƙƙi, ko da sauran nauyi a kaina? In na roƙi mai unguwa ya ba ni lokaci in gwada abin da likita ya ce, na shiga haƙƙin maƙwabcin da aka ciji ɗansa? In kuma rabuwar ce ta zama dole, ta yaya zan faɗa wa yaron nan?

Mai unguwa ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Don Allah ki karanta kafin nan, kuma a sakaya sunana.

Wassalam,
'Yar'uwarki mai sauraro daga Kaduna