Wasiƙa daga Abijan kan Iyakar Jibiya da Tsadar Rayuwa

Abijan, 26 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida, ina sanar da ku cewa ni da iyali muna nan ƙalau, sai godiyar Allah.

Baba, shekaranjiya Asabar muka ji a rediyo cewa shugabannin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sun zauna a Abuja sun janye takunkumin da suka ƙaƙaba wa Nijar tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin bara. Na yi hamdala, amma ban daina jin ciwon watanni bakwai ɗin nan ba, domin an rufe iyaka, an yanke wa Nijar wutar lantarki, kuma har yau hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum yana tsare, Janar Tiani yana kan kujerarsa. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne direbobin da motocinsu suka yi ta kwana a Jibiya, da masu fataucin albasa da dabbobi, da irin su Goggo da ke Maraɗi wadda ziyararku ta gagare ta. Duk wanda ya san cewa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, ya san zumunci ne aka datse. Allah ya saka wa Janar Yakubu Gowon da alheri, shi da aka kafa ƙungiyar a zamaninsa a Legas a 1975, da ya fito ya roƙi a sassauta.

Abin da ya fi tayar mana da hankali a nan shi ne sanarwar 28 ga Janairu, cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar. Yawancin maƙwabtana a kasuwar Ajame 'yan Tawa ne da Damagaram, wasunsu a nan suka yi furfura, kuma yarjejeniyar ECOWAS ce ta ba su damar shigowa Kwaddibuwa ba tare da biza ba. Kullum bayan sallar isha'i hirar ke nan a ƙofar masallaci: idan ficewar ta tabbata, da wace takarda za su zauna, kuma ta wace hanya shanu za su riƙa gangarowa? Na fahimci fushin sojojin, amma ban ga adalci ba a ce an yanke irin wannan hukunci ba a tuna da talakawan da ke neman abinci a ƙasashen mutane ba.

Game da kuɗin da na aiko, Yaya ya ce sefar ta haifi naira mai yawa da aka canza ta. Ban yi murna ba, don na san tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira, har dala ta haura naira 1,500, abin da ya ƙaru a hannu a wurin mai awo yake ƙarewa. Da na ga mata sun tare hanya a Minna, masu gurasa kuma sun fito a Kano saboda tsadar fulawa, na tabbata tura ta kai bango.

Ƙwallo kuwa, yara sun tambaye ni ko na shiga filin Ebimpe ranar 11 ga wata don kallon wasan ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kwaddibuwa. Ban shiga ba, a talabijin na kalla. Troost-Ekong ya fara ci mana, Kessie ya rama, Haller ya ƙara, aka tashi biyu da ɗaya. Na ji zafi ƙwarai, sai dai masu masaukinmu sun cancanci kofinsu, musamman Haller da ya tashi daga jinyar cutar daji.

Azumi ya ƙarato. Ina roƙon ku sa Yaya ya sayi gero da sukari tun yanzu kafin farashi ya sake tashi, a ware na Goggo a kai mata da zarar motoci sun fara wucewa, kuma a rubuto mini nawa buhu yake a kasuwar Jibiya don in san abin da zan ƙara. A gaishe mini da Inna da malam liman, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya.