A riƙa yi mana bayanin irin tumatir na shukar gida

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah ku riƙa taɓo mana zancen tumatir na bayan ɗaki, ba na manyan gonakin Kadawa kaɗai ba. Ni dai irin tumatir da ake kira Roma da UC82B nake sakawa a buhunan siminti, ƙasa da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, na zaɓi waɗannan irin ne saboda fatarsu da ƙarfi, basa saurin lalacewa, kuma suna son sanyin hunturu. Bara na matse iri daga tumatirin kasuwa na shuka, ashe na aure ne, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar, wallahi ganye kawai ya yi ta yi, 'ya'yan ba yawa. A sayi iri mai kyau, a yi reno, bayan sati 4 a dasa da yamma.

Naku, mai karatu daga Garun Malam