Masu gyaran Golf GTI, ku fara daga taya da birki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da samarinmu masu sayen ƙananan motocin nan masu zafi, musamman Golf GTI, suna kai su gareji wai a ƙara musu wuta. Ni ma ina son motar, ba hassada ba ce, amma wallahi yadda ake gyaran nan ana fara shi ne ta inda bai dace ba.

Abu na farko da yaro zai yi shi ne ya yanke salansa, a cire indomie ɗin da ke tace hayaƙi, mota ta dinga ɓarin ƙara cikin unguwa da tsakar dare, shi a ganinsa gudu ya ƙaru alhali kunnensa ne kawai ya ƙoshi. Ai sunan motar nan ba daga ƙara ya zo ba, GTI ta farko da Volkswagen ta fitar a 1976 injinta lita 1.6 ne, ƙarfin doki 110 kacal, abin da ya sa ta yi suna rashin nauyi ne, wajen kilo 810, da yadda take riƙe hanya a kwana.

Sai batun taɓa kwamfutar mota. Gaskiya ne injin mai turbo irin 1.8T na Golf 4 ko 2.0 na Golf 5 yana karɓar ƙari idan an sauya masa lissafi, amma masu rubuta lissafin nan a Turai da fetur mai octane 98 suke aunawa, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi a cikin inji, namu bai kai can ba, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, injin ya fara ƙwanƙwasa tun daga ciki, kafin ka ankara fistin ya tafi. Kuma sai ka tarar motar da ake son ƙara wa wuta bakanike ya riga ya cire mata tamostat mai daidaita zafin inji ya haɗa fanka kai tsaye, baƙin mai ma sai an tuna.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne sauke mota ƙasa, wasu har yanke sifirin suke yi da garanda. A titin Jamus wannan yana da ma'ana idan an yi shi da kayan da suka dace. Mu nan da ramuka da tudun rage gudu a kowace kwana? Kaskon mai na Golf 4 alminiyam ne kuma dama can yana kusa da ƙasa, dutse ɗaya ya ishe shi, mai ya tsiyaye kana tafiya ba ka sani ba.

Kuɗin nan a sa su a taya. Ka duƙa ka duba gefenta, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2315 na nufin mako na 23 a 2015, da yawan tayoyin Beljiyam da ake ɗorawa a kan rim mai ƙyalli sun haura shekara goma, robar ta bushe ta tsattsage. Daga nan shokozoba mai kyau, bushin sababbi, a yi alaimen, a canza man birki duk shekara biyu don yana shan danshi, idan ya yi zafi sai ka taka ka ji feda ta nutse. Wanda ya yi waɗannan zai ji motar ta canza a sitiyari tun kafin ya fita daga layinsu.

Su kuma masu wasan mota a wajen biki, hukuma ta nema musu fili a bayan gari mai shinge, su bar mana titi da yara ke tsallakawa.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano